Ranar Su a Argungu: Daga Dokar Ruwa zuwa Bikin Ƙarshen Mako

Garin Argungu, wanda yake a Jihar Kebbi ta yanzu, kimanin kilomita 100 kudu maso yamma da Sakkwato, ya yi suna a duniya ne saboda abin da ake yi a cikinsa na kwana huɗu kacal, a ƙarshen watan Fabrairu ko cikin Maris, lokacin da sanyin hunturu ya ja baya kuma zafin bazara bai kai ga tsananta ba. A cikin waɗannan kwanaki ana baje kolin amfanin gona, ana kokawa da dambe, ana hawan daba, ana wasannin ruwa, sannan a rana ta ƙarshe, wadda aka saba dacewa da ita da Asabar, dubban masunta su auka cikin ruwan Matan Fada gaba ɗaya. Mafi yawan baƙi suna ɗaukar wannan taro a matsayin gasar kamun kifi da aka ƙawata da shagulgula, amma tarihinsa yana nuna cewa abubuwa uku ne aka ɗora wani bisa wani: tsohuwar dokar masunta game da lokacin buɗe ruwa, sulhun siyasa tsakanin gidajen sarauta biyu da suka daɗe suna gaba, da kuma bikin gwamnati na jawo baƙi. Hanya mafi sauƙi ta rarrabe waɗannan matakai ita ce a duba wanda yake da ikon tsayar da ranar a kowane zamani.

Tushen al'amarin yana cikin yanayin gulbin kansa. Gulbin Rima yana haɗuwa da na Sakkwato a kusa da birnin Sakkwato, daga nan ruwan ya gangaro ta ƙasar Kabi, inda ake kiransa Gulbin Kabi, har ya faɗa cikin Kwara. A damina ruwan yana tumbatsa ya mamaye fadama mai faɗin gaske, kifi ya bazu cikin ciyayi yana hayayyafa yana ƙiba, manoma kuma suna noma shinkafar da take jure zurfin ruwa; idan rani ya shigo sai ruwan ya janye, ya bar tafkuna da gurabe masu zurfi waɗanda kifin yake taruwa a cikinsu. Wannan taruwa ita ce arzikin masunta, kuma ita ce haɗarinsu, domin idan aka bar kowa ya shiga lokacin da ya ga dama, waɗanda suka riga zuwa za su kwashe kome, ƙananan kifaye su halaka kafin su girma, sauran jama'a su tashi a tutar babu. Saboda haka al'ummomin bakin gulbi suka kafa ƙa'idar rufe wasu gurabe, a hana taɓa su har sai ranar da aka yi shela, sannan kowa ya shiga tare da kowa. Wannan shiga ta gayya ita ake kira su, kuma ba a Argungu kaɗai ake yin ta ba. Garuruwa da ƙauyuka da dama a kwarin Rima suna da nasu gurabe da nasu ranaku.

Ƙa'ida irin wannan ba ta tsayuwa sai da mai tsaronta. A Argungu masu wannan aiki su ne Sarkin Ruwa, wanda yake kula da lafiyar gulbin da abin da ke cikinsa, da Homa, shugaban masunta, kuma duka sarautun biyu suna tafiya ne da ilimin da ake gada daga iyaye. Kafin a buɗe ruwa ana yin gyaran ruwa, wato tsarkake gulbi ta hanyar roƙo da yanka domin a nemi kariya daga kada da sauran abin da ake tsoro a ƙarƙashin ruwa, sannan a yi fashin ruwa, wato ba da izinin fara su. Akwai kuma gyaran gari, wanda ya shafi neman lafiyar gari da albarkar damina, da shan kabewa, wanda yake da alaƙa da bori da kammala kaka. Waɗannan al'adu sun samo asali ne tun kafin Musulunci ya kafu sosai a tsakanin talakawan Kabi, kuma malamai sun daɗe suna sukar ɓangaren yanka da kiran iskoki da ke cikinsu. Duk da haka, wanda ya dube su ta fuskar tattalin arziki zai ga cewa tsoron abin da ke cikin ruwa ya yi aikin da dogarai ba za su iya yi ba, domin babu sarkin da yake da isassun masu gadi da za su kwana a bakin kowane gurbi tsawon watanni, alhali masuncin da ya yarda cewa shiga ruwa kafin a gyara shi yana iya jawo masa halaka ba ya bukatar mai gadi. A wannan zamani na farko, gulbin ne yake tsayar da rana: Sarkin Ruwa yana duban yadda ruwa ya janye da yadda kifi ya taru, sannan ya sanar da sarki, a yi shela.

Mataki na biyu ba ya fahimtuwa sai an koma ga tarihin daular Kabi, wanda ya fi na bikin tsawo nesa ba kusa ba. Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular, ya yi yaƙi tare da Askiya Muhammadu na Songhai a ƙasar Azbin, sannan suka ɓata a kan rabon ganima, ya ɓalle a wajajen 1516, ya gina babban birninsa a Surame, wanda kufansa da ganuwarsa ta duwatsu suna nan har yau. Littafin Tarikh al-Sudan ya ambaci wannan tawaye, haka kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi bayanin ƙarfin Kanta a cikin Infakul Maisuri. Tun daga wancan lokaci ƙarfin Kabi yana haɗe da ruwa, domin fadama tana ciyar da ita, tana kuma kare ta daga dawakin abokan gaba a yawancin watannin shekara. Daga ƙasar ne kuma Sarkawa, masuntan da suka bazu a bakin Kwara har Yawuri da gaba da ita, suke danganta asalinsu. Daga baya hedikwatar ta koma Birnin Kabi, kuma can ne jihadi ya same ta: a 1805 rundunar da Abdullahi ɗan Fodiyo ya jagoranta ta ci birnin, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fita da gudu.

Abin da ya bambanta Kabawa da mafi yawan masarautun Hausa shi ne ba su miƙa wuya gaba ɗaya ba. Sarkin Kabi Sama'ila Karari ya kafa sansaninsa a Argungu ya ci gaba da yaƙi har aka kashe shi a 1831, aka tafi da ɗansa Yakubu Nabame Sakkwato, inda ya zauna shekaru masu yawa a hannun sarakunan Musulmi. Da aka sassauta masa a zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, sai ya koma gida ya ɗaga tutar tawaye a 1849, Arawa da Zabarmawa da mutanen Dandi suka mara masa baya, kuma daga nan Argungu ta zama ƙaya a tsakanin Sakkwato da Gwandu har ƙarshen ƙarnin. An sami 'yar sararawa a zamanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga, lokacin da aka ƙulla amanar da ake kira Lafiyar Toga a 1867, amma ba ta kai shekara goma ba aka koma fagen daga. Sarkin Kabi Sama'ila, wanda ya hau gado a 1883 ya yi mulki har 1915, ya yi suna wajen kai hare-hare, ya kuma kore rundunar Sarkin Musulmi Abdurrahman daga bakin ganuwar Argungu a farkon shekarun 1890. Da Turawan Ingila suka iso a 1902, Sama'ila bai yaƙe su ba, ya karɓe su a matsayin abokan gaban abokan gabansa, kuma a watan Maris na 1903 Sakkwato ta faɗi a hannunsu.

Turawa sun hana yaƙi, amma hana yaƙi daban ne da kawar da gaba, musamman da yake sun sanya Argungu a cikin Lardin Sakkwato, sarakunan biyu suna ƙarƙashin Razdan ɗaya. Shekara talatin aka yi a haka kafin Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, wanda ya yi sarauta daga 1931 zuwa 1938, ya kai ziyara Argungu a 1934, a zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama. Wannan ziyara ita ake ɗauka a matsayin mafarin bikin da aka sani yanzu, domin a cikin karramawar da aka shirya wa baƙon har da babban su a gabansa. Zaɓin abin da za a nuna masa yana da ma'ana mai zurfi. Da an ga dama da an tsaya ga hawan dawaki, kamar yadda kowace masarauta take tarbar babban baƙo, amma jerin mahaya da masu da sulke a gaban jikan waɗanda aka yi shekara kusan ɗari ana gwabzawa da su zai iya zama tunatarwa maimakon tarba. Su kuwa sana'a ce ta zaman lafiya, kuma abu ne da Kabawa suka fi kowa iyawa, saboda haka ya ba su damar nuna yawansu da ƙwazonsu ba tare da an zare takobi ba. Daga wannan shekara su ɗin Matan Fada ya sami sabon aiki, wato karrama baƙin sarki, kuma ranarsa ta fara la'akari da lokacin da baƙi za su iya zuwa, ba da yanayin ruwa kaɗai ba.

Yana da kyau a lura cewa tsohuwar gabar ba ta ɓace ba, ta dai sauya kama ta zama wasa. Barkwancin da ke tsakanin Kabawa da Fulani da Sakkwatawa a wurin taron, da zuwan masunta da 'yan kokawa daga ƙasar Sakkwato domin su gwada ƙarfi da 'yan gida, duk suna cikin abin da ya sa bikin yake da armashi ga mutanen yankin, ko da baƙon da ya zo daga nesa ba zai gane su ba. Tsohuwar fadar sarakunan Kabi, wadda aka mayar gidan tarihi na Kanta a 1958, tana ajiye da makaman waɗannan yaƙe-yaƙe da tambura da kayan su a ƙarƙashin rufi ɗaya, kuma a harabarta ake binne sarakunan. Wani abin da tarihi ya bari a baibai shi ne, jihar da aka ƙirƙiro a 1991 ta ɗauki sunan Kabi, amma babban birninta, Birnin Kebbi, mazaunin Sarkin Gwandu ne, magajin Abdullahi ɗan Fodiyo, shi kuwa mai riƙe da sarautar Kanta yana Argungu.

Mataki na uku ya zo ne bayan samun 'yancin kai, a zamanin Sarki Muhammadu Mera, wanda ya yi sarauta daga 1959 zuwa 1996. A 1970, shekarar da yaƙin basasa ya ƙare, Janar Yakubu Gowon ya halarci bikin tare da Shugaban Nijar Diori Hamani, kuma zuwan nasu ya dace da tarihin wurin, tun da iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta raba ƙasar Arawa biyu, ta bar Dogondutsi da Doso, tsofaffin abokan ƙawancen Kabi, a ɓangaren Nijar. Daga nan hannun gwamnati ya shiga sosai, da farko ta Jihar Arewa maso Yamma, sannan ta Jihar Sakkwato daga 1976, sannan ta Jihar Kebbi. Kuɗin man fetur na shekarun 1970 ya kawo otal da rumfar manyan baƙi a bakin ruwa, aka ƙara tseren motoci da baje kolin amfanin gona, kamfanoni suka fara ɗaukar nauyin kyaututtuka, aka tsara kome a kan takarda daga ranar buɗewa zuwa ranar rufewa. A nan ne bikin ya koma na ƙarshen mako. Hutun Asabar da Lahadi tsari ne na ofis da aka gada daga Turawa, ba shi da wata alaƙa da rayuwar masunci, wanda makonsa yake juyawa a kan ranar Juma'a da ranakun kasuwa. Amma tun da gwamna da ministoci da jakadu da 'yan jarida su ne baƙin da ake jira, dole ranar babban su ta faɗa inda za su sami sukuni. Sarkin Ruwa yana nan yana gyaran ruwansa, sai dai yanzu kwamiti ne yake gaya masa ranar da zai gama.

Kwanakin farko na taron na mutanen gari ne fiye da na baƙi. Ana yin kokawa da dambe da dare a gaban makaɗa, manoma suna kawo shinkafa da albasa da dabbobi a gwada a ba da kyauta, mata suna waƙa da rawa suna kuma cin kasuwar abinci, ko da yake ba sa shiga gasar ruwa. Mafi daraja a cikin waɗannan shi ne kabanci, wato jerin wasannin ruwa na Kabawa, wanda ya ƙunshi tseren kwalekwale, ninƙaya, nutso domin a ga wanda zai fi daɗewa a ƙarƙashin ruwa, kamun agwagwar ruwa, da kamun kifi da hannu ba tare da wani makami ba. Kowane ɗaya daga cikinsu gwaji ne na wata fasaha da masunci yake bukata a aikinsa na kullum, kuma ta nan ne yara maza suke nuna abin da suka koya daga iyayensu. Mai neman abin da ya saura na asali a bikin zai fi samunsa a kabanci fiye da ranar ƙarshe.

Ranar babban su kuwa, masunta suna yin sahu a nesa kaɗan da gaɓa, kowa riƙe da homa, wato tarun hannu mai baki kamar baka wanda ake riƙe ɗaya a dama ɗaya a hagu a haɗe su a kan kifi, da kuma gora, babban duma mai ƙaramin baki wanda masunci yake kwanciya a kansa ya yi iyo, yana kuma zuba abin da ya kama a ciki. Da an harba bindiga sai su ruga su faɗa ruwa, makaɗa a cikin jirage suna bin su da kiɗa da kirari, kuma cikin kimanin sa'a ɗaya an gama. Ba a yarda da ƙugiya ko tarun zamani ba, kuma wannan hani ba ado ba ne kawai, domin kayan gargajiya suna daidaita mai hali da marar hali a cikin ruwa. Abin da kowa yake fata shi ne giwan ruwa, kifin da yake iya fin mutum nauyi, wanda sai an taru ake fitar da shi a kai shi kan sikeli a gaban manyan baƙi. A 2005 kifin da ya ci gasa ya kai kilo 75. Irin wannan girma ba ya samuwa sai don an hana su a wannan yanki na gulbin a sauran watannin shekara, wato dai tsohuwar dokar rufe ruwa ita ce har yanzu take ɗauke da bikin, ko da yake ba ita ake ɗauka a hoto ba.

Girman kyaututtuka ya zo da nasa matsaloli. Su na asali rabo ne, kowa ya koma gida da abin miya, amma gasar da mutum ɗaya zai tafi da mota da kujerar Makka tana sa ido ya rufe. A 2008 an ƙwace kambun daga wanda aka fara bayyanawa a matsayin zakara, bayan da bincike ya nuna cewa kifin da ya gabatar, mai nauyin kusan kilo 66, ya riga ya mutu tun kafin gasar, an kawo shi ne daga wani ruwa aka shigar da shi a ɓoye. Masuntan da suka san yadda sabon kamu yake su ne suka fara ɗaga murya, abin da yake nuna cewa ilimin sana'ar bai bar hannun masu ita ba.

Matsalar da ta fi wannan girma ita ce ta ruwan kansa. An kammala madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, ta Goronyo kuma a kan Rima a cikin shekarun 1980, kuma dukansu suna sama da Argungu. Madatsa tana riƙe ruwan damina ta sake shi a hankali, wanda yake da amfani ga noman rani, amma tana rage tumbatsar da kifi yake dogara da ita wajen hayayyafa a fadama; binciken da aka yi a ƙauyukan da ke ƙasa da Bakolori bayan gina ta ya nuna raguwar filin da ambaliya take rufewa da raguwar kamun kifi. Farin da aka yi a shekarun 1970 da 1980 da yashin da yake cike gurabe sun ƙara tsananta lamarin. A 2006 sai da aka hana shiga ruwa a lokacin bikin saboda ƙarancinsa. Ma'anar wannan ita ce zurfin Matan Fada a watan Maris ya dogara a yanzu, a wani ɓangare, ga shawarar injiniyoyin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, hukumar tarayya wadda ba ta ƙarƙashin sarki ko gwamna. Haka kuma fadamar da ta kasance wurin renon kifi tana ƙara komawa gonakin shinkafa na rani masu shan ruwa da injin, musamman bayan da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi a 2015, aka kuma buɗe babban kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu a 2017.

Bikin da ya dogara ga baitulmalin gwamnati da zuwan manyan baƙi yana tsayawa idan ɗayansu ya gagara. Bayan na 2009 an yi shekara goma ba a yi shi ba, galibi saboda taɓarɓarewar tsaro a arewacin Nijeriya, gine-ginen bakin ruwa suka lalace, masu masauki da masu sayar da abinci suka rasa kasuwar da suke jira kowace shekara. A cikin wannan tsaiko ne, a 2016, hukumar UNESCO ta sanya bikin a jerin al'adun gado na bil'adama, kuma bayanin da ta yi ya ambaci Sarkin Ruwa da Homa da kiyaye zumunci tsakanin Argungu da Sakkwato, wato matakai biyu na farko, a daidai lokacin da na ukun ya durƙushe. An dawo da taron a zamanin Sarki Sama'ila Muhammadu Mera daga 11 zuwa 14 ga Maris na 2020, Shugaba Muhammadu Buhari ya halarci buɗewa, kuma a ranar Asabar ta ƙarshe aka fitar da kifi mai kilo 78 daga ruwan da ya daɗe bai ga babban su ba. Kimanin mako biyu bayan watsewar taron gwamnatin tarayya ta rufe Legas da Ogun da Abuja saboda annobar korona, jihohi kuma suka bi sahu da hana tarukan jama'a.